Gobarar silin a wani gidan burodi: yadda aka cike gurbin da magini ya bari da gangan

Gidan burodin da wannan nazari ya shafa yana cikin wani lungu ne a yankin Kurna da ke Kano, irin ƙananan gidajen burodin nan da ke kai wa masu shayi da 'yan tiredar unguwa kaya kullum da sassafe. Tanda ɗaya ce, ta jan bulo, da itace ake hura ta. Cikin hunturu gobara ta tashi a rufinsa gab da kiran assalatu, ta cinye silin ɗakin kwaɓi da kusan rabin katakon rufi, ta lalata buhunan fulawa da injin kwaɓi. Samari uku da ke kwana a ɗakin sun fita da ransu, amma ɗaya sai da aka kwantar da shi a asibiti saboda hayaƙin da ya shaƙa. Ba za a ambaci sunan mai gidan ko na burodinsa ba. Alhaji kowa ke ce masa, a nan ma haka za mu kira shi.

Kafin rana ta fito masu zuwa jaje sun riga sun yanke hukunci cewa wutar lantarki ce. A Kano ba a ganin laifin mai faɗar haka, domin kusan duk gobarar kasuwa da aka yi, har da babbar nan ta kasuwar Sabon Gari a watan Maris na 2016, maganar da ake fara ji ke nan a bakin jama'a. Sai dai a daren nan unguwar ba ta da wuta tun yamma, janaretan gidan kuma an kashe shi da aka gama kwaɓi wajen ƙarfe goma sha ɗaya. Wayoyin da ke cikin silin robarsu ta ƙone, amma daga waje ta ƙone, kuma inda suka bi ba nan ne wutar ta fi yin ɓarna ba. Da Alhaji ya kira ni in duba abin da ya saura na rufin kafin a sake bugawa, inda ido ya fara kaiwa shi ne wurin da bututun hayaƙi ya ratsa silin ya fita ta kwano. Duk katakon da ke nesa da bututun bayansa ne kawai ya babbake, in ka kankare da wuƙa za ka tarar da lafiyayyen katako a ciki. Guda biyun da ke maƙwabtaka da bututun kuwa sun zama gawayi har tsakiya, ana murmushe su da yatsa. Wutar da aka kashe cikin abin da bai kai awa ɗaya ba ba ta yin irin wannan cin. Wannan aikin watanni ne.

Asalin ginin

Tsohon maginin da ya gina tandar yana nan da ransa, kuma shi ya ba ni labarin yadda ya bar wurin. Ya ɗaga hanyar hayaƙi da jan bulo har ta ɗan wuce tsayin mutum, daga nan mai walda ya ɗora bututun ƙarfe mai faɗin inci 8, falle ɗaya, ya miƙe ya huda kwano. A lokacin babu silin, in ka ɗaga kai kwano kake gani. Baba magini ya sa kafinta ya kauce wa bututun da katako ta kowane ɓangare, aka bar fili sama da taƙi biyu, aka kuma yanke kwanon da ɗan yalwa. Bai taɓa karanta wata ƙa'idar gini ba. Da na tambaye shi dalili sai ya ce, "Yaro, wuta ba a matse ta. Ka bar mata hanyar iska ta sha, sai ku zauna lafiya."

Shekaru aka yi a haka ba abin da ya faru. Abin da ya biyo baya gyare-gyare ne guda uku, kowanne da dalilinsa mai kyau, kowanne kuma wani mutum daban ya yi shi.

Na farko damina ce ta jawo shi. Ruwa na zubowa ta gefen bututun yana jiƙa itace da ƙasan ɗakin. Aka kira wani kafinta, ba na farkon ba, ya ga dole ya rufe ramin da guntun kwano, guntun kwano kuma sai da abin da za a kafa masa ƙusa. Ya kawo katako tubaitu guda biyu ya gitta, ɗaya ta gabas ɗaya ta yamma, tsakanin kowanne da bututun bai fi yatsa uku ba. Yoyo ya tsaya, Alhaji ya biya, kowa ya gamsu.

Na biyu tsafta ce. Ƙurar hunturu da kashin ƙadangaru na faɗowa kan kwaɓi, Alhaji ya ga gara a yi silin, kuma ya yi gaskiya. Aka buga silin roba, wanda ake kira PVC, don ya fi araha kuma ana goge shi da tsumma. Mai bugawa ya yanka ramin bututun daidai wa daida, domin a sana'arsa barin giɓi alamar rashin iya aiki ce. Ba a daɗe ba robar da ke kewaye da bututun ta yi laushi ta lanƙwashe ta yi baƙi. Da a ce wani ya tsaya ya tambayi abin da ke faruwa da katakon da ke sama, tunda ga abin da ya sami robar da ke ƙasa, da labarin ya tsaya nan. Amma abin da aka gani shi ne muni, ba haɗari ba.

Na uku shi ne ainihin abin da ya kawo mu. A watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ke kaiwa digiri 40 a ma'aunin Selsiyos, ɗakin kwaɓi ya zama ba ya shiguwa. Kwaɓi na tashi kafin lokacinsa ya yi tsami, bota na narkewa, samari na aiki ba riga. Wani mai gyaran firiji da na'urar sanyaya ɗaki, abokin Alhaji, ya ba da shawara a naɗe bututun. Ya kawo audugar gilashi, mai ruwan ɗorawa mai sa ƙaiƙayi ɗin nan da ake cirowa daga tsofaffin na'urori, aka cusa ta tsakanin bututun da katakon nan biyu har ta cike wurin tam. Da ba ta isa ba sai aka ƙara da ledar nan mai ƙyalli da ake shimfiɗawa ƙarƙashin kwano, aka ɗaure da waya. Saman silin kuma aka shimfiɗa tsofaffin soson katifa da kwalaye don su tare zafin kwano. Ɗakin ya yi sanyi ƙwarai, har Alhaji ya riƙa nuna wa abokan sana'arsa dabarar.

Inda lissafin ya karkace

Mai gyaran firijin ya dage cewa audugar gilashi ba ta cin wuta, kuma ba ƙarya ya yi ba. In ka kanga mata ashana ba za ta kama ba. Kuskuren yana wajen ɗaukar cewa abin da ba ya kamawa zai hana na kusa da shi kamawa. Duk abin da ake sawa don tare zafi aikinsa irin na bargo ne: ba ya kashe zafi, riƙe shi yake yi, ya rage saurin tafiyarsa. Murhun da ake hurawa awa ɗaya a kashe, wannan jinkirin kan isa. Tandar burodi kuwa tana ci sa'o'i da yawa a jere, kullum, har ranar Juma'a. Cikin wannan tsawon lokaci zafi zai ratsa audugar ya iso katako ko ta halin ƙaƙa. Da can, lokacin da fili yake buɗe, iska mai zafi tana tashi ta fice, mai sanyi ta maye gurbinta, katakon yana ɗumi yana hucewa. Yanzu an toshe hanyar iskar, an kuma lulluɓe bayan katakon da leda da soso, zafin da ya shiga ba shi da mafita. Shi kansa ƙarfen bututun, da aka naɗe shi, ya fi da zafi, tunda ba ya iya zubar da zafinsa a cikin iska.

Sabon katako sai zafi ya kai wajen digiri 250 zuwa 300 yake kamawa. Amma katakon da ya yi watanni ana gasa shi a hankali ba sabon katako ba ne kuma. Ruwan jikinsa ya ƙafe, sannan ya fara rikiɗewa yana komawa gawayi ba tare da harshen wuta ya taɓa shi ba. Gawayi kuwa ya san yadda zai ci a ɓoye, kuma zafin da yake bukata ya yi ƙasa da na katako nesa ba kusa ba. Masu binciken gobara sun rubuta labarin katakon da ya kama bayan doguwar maƙwabtaka da bututun da zafinsa bai wuce na tafasasshen ruwa ba. Shi ya sa hujjar nan ta "ai mun shekara a haka ba abin da ya faru" ba ta da ƙarfi a wannan fage. Shekarar da aka yi lafiya, a cikinta ake shirya katakon.

Ƙasashen da sanyi ya tilasta wa hura itace a cikin ɗaki sun daɗe da mayar da wannan magana lambobi. A Amurka, ƙa'idar kiyaye gobara da ake kira NFPA 211 ta ce bututu mai falle ɗaya ya nisanci duk abin da ke cin wuta da inci 18, kuma ba a yarda irinsa ya ratsa silin ba. A Ingila ana cewa tazarar ta kai faɗin bututun sau uku, wato bututun Alhaji mai inci 8 zai bukaci inci 24. Wanda ake yarda ya matso kusa shi ne bututu mai falle biyu da aka ƙera da abin tare zafi a tsakaninsu tun daga masana'anta, shi ma yawanci sai an bar masa inci 2, kuma wannan inci 2 fili ne na iska, ba a cusa masa komai. Waɗannan lambobi na murhun ɗumama gida ne. A ganina tandar da ke aiki dare da rana ya kamata ta ɗauke su a matsayin mafi ƙaranci. Abin mamaki shi ne taƙi biyu da ɗoriya na Baba magini bai yi nisa da inci 18 ɗin ba.

Sauran kayan da aka tara a saman silin kuwa ba sa bukatar dogon bayani. Ledar mai ƙyalli fuskarta ce kawai alminiyom, cikinta roba ce. Soson katifa yana kamawa da sauri, kuma hayaƙinsa na ɗauke da iska mai guba ta kabon monoksaid da gubar sayanaid. PVC in ya ƙone yana fitar da iska mai ƙona maƙogwaro da idanu. Gobarar benen Grenfell a Landan a watan Yuni na 2017, wadda ta kashe mutum 72, ta bi ta jikin kayan da aka lulluɓe ginin da su ne, cikinsu har da na tare zafi. A nan Kurna ba wuta ce ta taɓa yaron da aka kai asibiti ba, ko gashinsa bai babbake ba. Hayaƙin soso ne.

Daren da abin ya faru

Akwai abu na biyu da ke taruwa a ɓoye, a cikin bututun. Da damina itace busasshe yana tsada, don haka abin da aka samu ake sawa: ɗanyen darbejiya, itacen turare, wani lokaci har guntayen katakon kafintoci masu fenti, a tayar da wutar da leda. Itacen da ruwan jikinsa ya wuce kashi 20 cikin 100 ba ya ci sosai, hayaƙi yake yi, hayaƙin nan kuma in ya taɓa ƙarfe mai sanyi, ƙasa da kamar digiri 120, sai ya daskare ya zama baƙar kwalta. Ba kunkunniyar nan mai laushi da ake sharewa da tsintsiya ba ce, wannan tana mannewa ta yi ƙyalli, kuma makamashi ce. Ɓangaren bututun da ke saman kwano, wanda sanyin dare ke bugawa, nan ta fi taruwa. Tun da aka kafa bututun ba a taɓa share cikinsa ba, babu ma ƙofar da za a shara ta ciki.

A daren, an sami odar burodi mai yawa, kuma an sauke sabon lodin marke busasshe ƙayau. Mai tanda ya cika wuta. Wajen ƙarfe ɗaya suka ji bututun na gurnani, tartsatsi na fita ta sama, ɓangaren da ke ƙasan silin ya yi ja. Kwaltar ce ta kama, kuma irin wannan wuta takan haura digiri 1,000, zafin da ya wuce inda alminiyom ke narkewa, wato digiri 660, ya kuma wuce abin da audugar gilashi ke iya jurewa. Mai tanda ya yi abin da ya dace: ya rufe ƙofar tanda ya toshe mashigar iska, bai watsa ruwa ba. Cikin 'yan mintuna gurnanin ya lafa. Suka leƙa waje suka ga ba komai, suka ci gaba da gashi, suka gama, masu babur suka fara ɗaukar kaya, samarin suka shimfiɗa tabarma a ɗakin kwaɓi saboda ɗumi.

Ba wanda ya leƙa cikin silin, kuma ko sun so ba ta inda za su leƙa, don ba a bar ƙofar shiga ba. Can ciki gawayin katakon nan biyu ya riga ya kama yana ci a hankali ƙarƙashin auduga. Sai da ya ɗauki kusan awa uku kafin ya iso soson. Wani dattijo mai tafiya masallaci ne ya ga hayaƙi na fita ta ƙarƙashin kwano, ya doki ƙofa da salati. Maƙwabta da 'yan garuwa suka taru, aka ɓalle kwano ta sama ana zuba ruwa. Lungun ba ya ɗaukar babbar mota, sai daga bakin titi 'yan kwana-kwana suka jawo mesa suka ƙarasa kashe abin da ya rage.

Na tambayi mai tandar me ya sa bai kira Alhaji ba lokacin da bututun ya yi ja. Ya ce, "Wallahi Malam, ba yau ya fara ba. Yakan yi haka ya daina." Wannan amsa ta fi komai tayar mini da hankali. Ashe kwaltar ta sha kamawa, kowane kamu kuma yana ƙara gasa katakon.

Zaman sulhu da gyara

Maƙwabcin da katangarsa ke haɗe da gidan burodin ya kai ƙara wajen mai unguwa yana neman a tashi tandar gaba ɗaya. A zaman da aka yi, Alhaji ya ɗora laifin kan kafinta, kafinta ya ce shi yoyo aka kira shi ya tsayar kuma ya tsayar, mai silin ya ce ba shi ya kawo soso ba, mai gyaran firiji ya maimaita cewa audugarsa ba ta cin wuta. Kowa a cikinsu gaskiyarsa ya faɗa. Ni dai abin da na gaya wa mai unguwa shi ne, ranka ya daɗe, mutum uku sun taɓa wurin nan, ba ɗaya da aka ce masa ya dubi bututun daga tanda har sama, kuma wanda ya san dalilin barin filin ba a sake kiransa ba. Wasu dattawa suka ce tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa. Ba wanda ya musa, amma mai unguwa ya ce tsautsayin da aka ga hanyarsa sai a toshe ta, ya ba da sharaɗin a gyara kafin a sake hura wuta.

Bututu mai falle biyu na masana'anta ba abu ne da za ka shiga kasuwar Ƙofar Ruwa ka ɗauko cikin sauƙi ba, kuma kuɗinsa ya fi ƙarfin ƙaramin gidan burodi. Abin da aka daidaita a kai shi ne a koma hannun Baba magini. Ya rushe bututun ƙarfen ya ɗaga jan bulo tun daga tanda har ya fita rufi, ya yaɓe cikinsa sumul, ya bar ƙaramar ƙofar ƙarfe a gindi don shara. Tsayinsa a sama ya bi ƙa'idar da aka saba: ƙafa 3 daga inda ya huda rufi, kuma ya ɗara duk abin da ke cikin ƙafa 10 kewaye da shi da ƙafa 2. Wannan ya rage wa maƙwabcin hayaƙin da ke shiga tsakar gidansa, wanda da alama shi ne asalin ɓacin ransa tun kafin gobarar. Ko da bulo ne, ba a bar katako ya taɓa shi ba. Mai walda ya yi firam na ƙarfe kewaye da shi, a kansa aka kafa kwanon da ke tare ruwa. Silin da ke zagaye da wurin an yi shi da farantin ƙarfe, aka bar ƙofar leƙawa. Wani ya kawo shawarar tsohon silin asbestos tunda ba ya cin wuta, na hana, domin ƙurarsa in ana yankawa tana jawo cutar daji a huhu.

Maganar zafin ɗakin kwaɓi, wadda ita ta haifar da komai, an warware ta ta wata hanya: aka buɗe tagogi biyu a saman bango, aka gina rabin katanga tsakanin tanda da teburin kwaɓi. Ɗakin bai kai sanyin da ya yi lokacin soso ba, Alhaji kuma bai ɓoye rashin jin daɗinsa ba. Ya tambaya ko za a iya sa audugar dutse, wadda ke jure zafi sama da digiri 1,000. Na ce a shimfiɗa ta saman silin in yana so, ta fi soso nesa, amma ta tsaya daga bakin firam ɗin ƙarfe, kada ta shiga filin.

An yi yarjejeniya mai tanda zai riƙa buɗe ƙofar shara duk wata, in kaurin kwalta ya kai milimita 3 a kankare, a kuma sayi itacen damina tun bazara a jibge shi ƙarƙashin rumfa. In bututu ya sake gurnani, a rufe iska, a kira 'yan kwana-kwana ko da wutar ta lafa, a buɗe silin a duba, kuma ba mai kwanciya a daren. Abu ɗaya ne aka kasa daidaitawa. Na so a hana samarin kwana a ɗakin kwaɓi ɗungurungum. Alhaji ya ce biyu daga cikinsu daga ƙauye suka zo, ba su da inda za su, kuma su ne masu gadin fulawa. Aka tsaya a kan a fasa ƙofa ta biyu ta baya, a daina kulle ta gaba da kwaɗo daga ciki. Ƙofar bayan an fasa ta. Na'urar da ke ƙara in ta ji hayaƙi, wadda na ce a saya, har lokacin da nake wannan rubutu Alhaji yana cewa sai kasuwa ta ɗan buɗe.